Otaniemi, inda aka gwada ruwan da Kelvin ya ƙaddara

A 1868 Hermann von Helmholtz ya yi nazarin abin da ke faruwa a iyakar ruwa biyu idan ɗaya ya fi ɗaya gudu. A 1871 William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya lissafa saurin da iska za ta kai kafin ta tayar da igiyar ruwa. Lissafin nasa ya ƙaddara ruwa ne marar danƙo ko kaɗan, alhali a zamaninsa ba wanda ya taɓa ganin irinsa.

Shi ya sa nake girmama Otaniemi, wata unguwa a gefen Helsinki ta ƙasar Finland, inda aka gwada lissafin da irin wannan ruwa. Can Olli Lounasmaa ya kafa ɗakin binciken matsanancin sanyi a 1965. Bayan shekara 7, masana uku a Jami'ar Cornell ta Amurka suka gano cewa ruwan hiliyam-3, idan sanyi ya kai saura ƙasa da kashi 3 cikin dubu na digiri ɗaya a taɓa ƙarshen sanyi, yana kwarara ba gogayya, kuma iri biyu ne, A da B. Mutanen Otaniemi suka haɗa kai da masanan Tarayyar Sobiyet, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, suka ƙera ROTA, na'urar sanyaya da ke juyawa gaba ɗayanta. Aiki ne na haƙuri: a sa ƙarfe mai nauyi ya yi ta juyi ba girgizar da za ta ɗumama abin da ke ciki.

A 2002 ƙungiyar Matti Krusius a Otaniemi ta tsayar da iyakar A da B wuri ɗaya da ƙarfin maganaɗisu, sannan ta juya mazubin da ruwan ke ciki. A ya cika da 'yan guguwa ya bi juyin, B ya tsaya cik. Da bambancin gudun ya kai wani mizani, iyakar ta lanƙwashe kamar tuta a iska, wasu 'yan guguwa suka tsallaka cikin B, aka ƙirga su.

Abin da ya fi burge ni shi ne lanƙwasar ta zo da wuri fiye da yadda lissafin Kelvin ya nuna. Masani Grigory Volovik ya bayyana dalili: iyakar tana gogayya da sassan ruwan da ke bin bangon mazubi, don haka dole a sa gudun bangon cikin lissafi.