Sabis ɗin Nok da kuɗin da aka ce an ware mana

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Makon jiya na raka abokin ɗakina gida, wani ƙauye kusa da Nok a ƙaramar hukumar Jaba, don mu taya Mama haƙar citta. Muna can aka sanar a gurup cewa ƙarfe sha biyun dare za a rufe fotal ɗin rajistar kwas. Saƙon bai shigo wayata ba sai bayan isha'i. Muka hau dutse muna ɗaga waya sama kamar masu neman wata. Kira yana shiga, amma shafin ya ƙi buɗewa. Muka hau acaɓa zuwa Kwoi, shi ya samu ya gama tasa, ni kuwa ina kan kwas na huɗu aka rufe.

Da muka dawo Kafanchan muka tsallaka layin dogon nan da ciyawa ta cinye, sai na ga ai labarinmu ɗaya da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a 1927, ya haɗa Fatakwal da Kaduna da Jos. Ba don kakanninmu su je ziyara aka shimfiɗa shi ba, kuzar Jos ake son kaiwa teku. A ramin haƙar kuza ma aka fara tono mutum-mutumin Nok a 1928, kafin Bernard Fagg ya zo ya gane darajarsu a shekarun 1940. Mahaɗar jirgin ita ta raya Kafanchan. Da kuza ta mutu, kuɗin gyara ya tsaya, kun dai ga yadda tashar ta koma.

To waya ma haka ta zo. Kafin 2001 layukan waya a duk Najeriya ba su wuce wajen 400,000 ba, yawancinsu a manyan birane. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, kowanne dala miliyan 285. Wanda ya biya wannan kuɗi ba daga Nok zai fara ba, Legas da Abuja zai nufa ya mai da kuɗinsa. Ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne.

Gwamnati ta san da haka. A zamanin Obasanjo aka fito da shirin wayar karkara, aka ciwo bashin dala miliyan 200 daga ƙasar Sin, aka ce zangon farko zai kai waya ƙananan hukumomi 218. An gina ɗakunan injuna, an kafa ƙarafa. Kafin a gama GSM ya riga ya mamaye ƙasa, wayar da aka shirya kawowa ta tsufa tun ba a kunna ta ba, aka yi watsi da yawancin kayan. Bashin kuwa ya zama dole a biya.

Sai dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF a ƙarƙashin hukumar NCC. Ku lura da kyau nan, don kuɗinmu ne. Kamfanonin waya suna biyan NCC wani kaso na abin da suka samu duk shekara, daga ciki ake zuba wa asusun. Wato duk katin da ka saya, duk datar da ta ƙare kana tsakiyar sauke handawut, akwai ɗan abin da ya tafi can. Dabarar mai sauƙi ce: inda kamfani ya ce kafa ƙarfen sabis ba zai fitar da kuɗinsa ba, asusun ya biya wani ɓangare na ginin, kamfanin ya ci gaba da gudanarwa. Ana kuma kai kwamfutoci makarantu, ana ja wa wasu jami'o'i wayar fayiba.

Gaskiya an yi aiki, kar mu zama marasa adalci. Binciken da aka yi a 2013 ya gano yankuna 207 da ba su da sabis, mutum wajen miliyan 37 ke cikinsu. Zuwa 2022 NCC ta ce sun ragu zuwa 97, mutum miliyan 27. Amma ku duba lissafin: yankuna sun ragu da fiye da rabi, mutanen kuwa miliyan 10 kawai aka cire. Kuma ƙauyen da kira ke shiga an gama da shi a takarda, ko da fotal ba ya buɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne shekara ta biyu. A sakandaren da na yi an taɓa kawo mana kwamfutoci a ƙarƙashin wani shirin gwamnati, har da faranti a kan rufi da sola. Ranar ƙaddamarwa an yi rawa, an ɗauki hoto, mu 'yan aji uku aka zaunar da mu gaban allo muna murmushi. Shekara na zagayowa kuɗin intanet ɗin ya ƙare. Makaranta ba ta da shi a kasafinta, waɗanda suka kawo kuma sun ce nasu aikin ya kammala. Batura suka mutu, aka garƙame ɗakin, muka je jarrabawar JAMB da yawanmu ba mu iya riƙe linzamin kwamfuta ba. Ƙarfen sabis ma haka yake: yana shan gas dare da rana, yana son mai gadi, ana sace baturansa, motar mai gyara kuma sai da hanya. Kuɗin gini ana samu, don shi ake ɗauka a hoto. Kuɗin gas ba mai son ya sa hannu.

A watan Maris na 2020, lokacin Pantami yana minista, aka ƙaddamar da tsarin intanet mai sauri na shekara biyar. Alkawarin: kashi 70 na 'yan ƙasa su samu kafin ƙarshen 2025, gudun megabit 25 a birni, 10 a karkara, gigabayit ɗaya kada ya wuce naira 390. Jihar Kaduna ta yi abin a yaba a watan Mayun shekarar, ta yafe kuɗin da ake karɓa kan kowace mita idan za a binne waya, alhali wasu jihohin na neman dubbai. Duk da haka 2025 ta ƙare muna wajajen kashi 50, kuma a watan Janairunta aka amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ba na mantawa da 2021 ma, da aka katse sabis a wasu sassan jihar nan kusan wata biyu saboda 'yan bindiga. Katsewa rana ɗaya ta ɗauka.

Yanzu ana maganar sabon shirin da minista Bosun Tijani ya kawo, fayiba mai tsawon kilomita 90,000, kuɗinta wajen dala biliyan 2, Bankin Duniya ya amince da miliyan 500 a watan Oktoban 2025. An ce za ta kai kowace ƙaramar hukuma cikin 774. Ina fata wallahi. Sai dai 'yan kasuwa ne za su riƙe kaso mafi yawa a kamfanin, kuma idan wayar ta iso Kwoi, daga can zuwa gonar Mama akwai sauran tafiya. Duk ɗan takarar ƙungiyar ɗalibai da ya zo hostal yana mana alkawarin Wi-Fi kyauta, ku taya ni tambayarsa wa zai biya kuɗin wata-wata bayan ya sauka.

Rajistar dai na yi ta ranar Litinin, da tarar makara. Mama ce ta ɗaura mini citta a buhu da za mu taho, na kai kasuwar Kafanchan na sayar, kuɗin ya biya tarar har da canjin data.