Tarihin da Aka Naɗe Cikin Samosa

A azumin bara, muna taya mahaifiyarmu naɗin samosa, ƙanwata ta tambaye ni su wa suka fara yin ta. Na ce mata Indiyawa ne. Sai daga baya na gano rabin gaskiya na faɗa mata.

Idan bikin Diwali ya matso, a watan Oktoba ko Nuwamba, matan Indiya kan kwashe kwanaki a gaban kasko. Suna mulmula laddu da garin wani irin wake da man shanu, suna tsoma jalebi a ruwan sukari, suna soya samosa da sauran kayan gishiri don rabon maƙwabta. Duka ana kiransu abincin gado, amma kowanne da hanyar da ya biyo.

Sukari dai ɗan gida ne. A Indiya aka fara daskarar da ruwan rake ya koma ƙwayoyi, kuma a shekarar 647 Sarkin Sin Taizong ya tura manzanni ƙasar Magadha su koyo sana'ar. Sunansa na Sanskrit, sharkara, ya zama shakar a bakin Farisawa, sukkar a bakin Larabawa, ya iso mu a sukari.

Samosa kuwa baƙuwa ce. Daga ƙasashen Farisa da Larabawa ta shigo da sunan sambusak, kamar yadda jalebi ta fito daga zalabiya. Ibn Batuta, wanda ya isa Delhi a 1334, ya gan ta a fadar Sarki Muhammad bin Tughluk, cike da niƙaƙƙen nama da albasa da kayan ƙamshi. Shi ne kuma ya sauka Takadda a 1353, har ya ambaci Gobir. Dankalin da a yau ake ɗauka shi ne ainihin cikin samosar Indiya bai shigo ba sai bayan jirgin Vasco da Gama ya tsaya a Kalikut a 1498, domin shi da barkono amfanin gonar nahiyar Amurka ne.

To, me ya mayar da baƙuwa 'yar gida? A ganina hannun mata ne. Su suka cire naman saboda iyalan da ba sa cin sa, suka zuba dankali. Littattafai sun adana sunan sarki da na matafiyi, suka manta da mai suya. Iliminta a yatsu yake, kuma ranar da gida ya koma sayen na kanti, tare da ita ake binne shi.

Haka abin yake a gidanmu, inda naman ya komo cikin samosa. Mahaifiyarmu ba ta taɓa auna fulawa ba, taɓa kwaɓin kawai take yi. A wannan azumin na zauna kusa da ita da littafin rubutu. Ta yi dariya, ta ce, "Ajiye biron nan, miƙo hannunka."