Bindigar fatalwa: makamin da ake harhaɗawa a gida a Amurka

“Bindigar fatalwa” suna ne da Amurkawa suka raɗa wa bindigar da mutum ya sayi sassanta ya harhaɗa da kansa a gida, ba tare da lambar shaidar masana'anta a jikinta ba. Idan aka tsince ta a wurin da aka aikata laifi, 'yan sanda ba su da hanyar gano inda ta fito ko wanda ya fara sayenta.

Wace irin bindiga ce?

Akwai ƙananan bindigogi na hannu, akwai kuma dogaye samfurin AR-15, wadda kamfanin ArmaLite ya ƙirƙira a shekarun 1950. Wannan samfurin yana fitar da harsashi ɗaya duk lokacin da aka ja kunama, sannan ya ɗora na gaba da kansa. Ya bambanta da na sojoji, wanda ke iya ci gaba da ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama.

Ina giɓin dokar yake?

Dokar taƙaita bindigogi ta 1968 ta wajabta wa masana'antu buga lamba a kan gangar jikin bindiga, wato ɓangaren da sauran sassa ke haɗuwa a kansa. Daga baya aka tilasta wa dillalai masu lasisi bincikar tarihin mai saye. Sai dai dokar tarayya ba ta hana wanda ke da ikon mallakar bindiga ƙera ta don amfanin kansa ba. Wasu kamfanoni sun yi amfani da wannan dama, suna sayar da gangar da ba a ƙarasa ba tare da sauran sassa, suna cewa ba bindiga ba ce tukuna. Ta haka mai saye ke kauce wa bincike da lamba.

Me ya biyo baya?

A 2013, wani mutum ya kashe mutane biyar a Santa Monica da ke jihar Kalifoniya, yana ɗauke da bindiga irin AR-15 da aka harhaɗa a gida. Gwamnatin Amurka ta ce a 2021 kaɗai jami'an tsaro sun ƙwato irin waɗannan bindigogi kusan 20,000, ninki goma na adadin 2016.

A Afrilun 2022 gwamnatin Joe Biden ta fitar da ƙa'idar da ta ɗauki kunshin sassan da ake iya haɗawa cikin sauƙi a matsayin bindiga: dole a buga lamba, a binciki mai saye, a ajiye bayanan ciniki. Masu adawa sun kai ƙara, amma a Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙa'idar da rinjayen alƙalai bakwai cikin tara.

A yankinmu fa?

Matsalar makami marar lamba ba baƙuwa ba ce a Afirka, musamman bindigogin da maƙera ke yi. Yarjejeniyar ECOWAS ko CEDEAO ta 2006 kan ƙananan makamai, da ta Kinshasa ta 2010 wadda Kamaru da Chadi suka sa wa hannu, sun buƙaci a sa ido kan ƙera makamai, a kuma yi musu alamar da za a iya bin sawunsu.