Kaskon Wuta da Rufin Kwano: Yadda Jin Ɗumi Ya Koma Abin Saye a Gusau, Tsafe da Bungudu

Yau hirarmu a kan sanyi take, da kuɗin da yake ci wa magidanci. Na san wani zai ce, to mu da rana ke gasawa wata tara, ina ruwanmu da maganar ɗumama ɗaki? Wanda ya taɓa fitowa sallar asuba a Tsafe cikin watan Janairu, iska na kaɗowa ta tsakanin duwatsu, ba zai yi wannan tambaya ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ƙurarta mafi yawa daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, kuma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu akwai dararen da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15. Ga Bature wannan ba komai ba ne. Ga tsoho mai tari, ko jaririn da ba a yi sunansa ba, a ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina, magana ce ta rai.

Abin da nake so mu fara lura da shi: kakanninmu gininsu ne maganin sanyinsu na farko. Katangar ƙasa mai kauri, wadda aka ɗora da tubali, yini take tana shan rana, da dare kuma ta riƙa sako ɗumin a hankali cikin ɗaki. Rufin soro ma haka. A jera azara ta giginya, a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa a daɓe. Taga 'yar ƙarama ce can sama. Ɗakin ciyawa kuwa, wanda talakan ƙauye ya fi kwana ciki, yana da tasa dabara: hayaƙi na bi ta jinka ya fice, ya kuma kori gara da ƙwari a hanya.

Wannan gini yana da kuɗin gyara, amma yawancinsa da gumi ake biya. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe tsagar da ruwan bara ya bari. Masu hali su sa a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Marasa hali su kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a ci tuwo, a watse. Wanda ya yi sakaci shekara biyu, soro ne zai faɗa masa.

Sai wutar kanta. Kasko ne na yumɓu, mata masu ginin tukwane ke yin sa. A ɗebo garwashi daga murhu bayan an sauke tuwon dare, a kai ɗakin tsohuwa, jikoki su zagaye, a nan ake tatsuniya. Ku lura, ba a sayi komai ba. Garwashin ragowar girki ne, itacen kuma an yo shi daga daji ko an kakkarya karan dawa daga gona. Akwai kuma gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi ya ɗumama shimfiɗa. Mai jego ta fi kowa saninsa, tare da wankan ruwan zafi da kunun kanwa har kwana 40. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya, irin su Davidson da Parry, sun yi rubutu a shekarun 1970 kan yadda wannan zafi da kanwar ke da alaƙa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Na kawo wannan ne don kada mu riƙa yabon da kamar babu aibu a cikinsa.

Gawayi fa? A wancan zamani kayan aikin maƙera ne, kuma sun fi son na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa da daɗewarta. Daga baya masu guga suka shigo. Matar aure ta sayi gawayi don dafa abinci ko jin ɗumi, wannan sabon abu ne.

To me ya canza? A ganina jirgin ƙasa ne ya fara. A 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda. Gyaɗa da auduga suka riƙa fita, kaya suka riƙa shigowa, ciki har da kwanon rufi da siminti. Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta zama cibiyar kamfanoni da 'yan kasuwa, har aka zo aka kafa masaƙa. Rufin kwano ya zama shaidar arziki. Kuma gaskiya yana da hujja: ba yaɓe duk shekara, ba fargabar soro ya rufto cikin Agusta. Abin da ba a lissafa ba shi ne kwano ba ya riƙe komai. Da rana tanda ne, da dare kuma duk ɗumin ɗaki ta nan yake tserewa. Bulon siminti mai rami a ciki shi ma bai kai katangar ƙasa ba. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka taso daga Sakkwato, aka shiga gina gidajen haya da sauri, da yawansu ko silin babu. Haka abin ya bi titi zuwa Tsafe ta kudu, da Kwatarkwashi, da Bungudu ta hanyar Sakkwato.

Ka ga an sauke wa magidanci nauyin yaɓe, an ɗora masa na sayen wuta. Kasko ya ba kurfoti wuri, na ƙarfe, wanda maƙeri ko mai walda ke haɗawa da ragowar ƙarfe. Shi kurfoti gyaransa ba ya da wuya: ragar da gawayi ke zama a kai ita ke cinyewa, a kai wa mai walda ya sauya. Kuɗin gaske yana cikin abin da ake zuba masa kullum. Kananzir ya taɓa rage wa itace nauyin girki, sai aka janye tallafinsa a 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado. Gas ya shigo, shi ma ya yi tsada. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, kuɗin mota ya tashi, kowane buhun gawayi ya ɗauko nasa kason. Hita ta lantarki kuwa, a garin da wuta ke zuwa ta ga dama, ado ce.

Sannan ga abin da ya fi ciwo a wajenmu. Dajin da ake yo itace ba ya shiguwa. Mutumin yankin Tsafe ya san abin da sunan Munhaye ke nufi a yau. A 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya a Zamfara, maƙwabciyarmu Katsina har hana manyan motoci ɗauko itace daga daji ta yi. Mutanen da aka koro daga ƙauyukansu, waɗanda a da garwashi kyauta ne a wurinsu, su ne yanzu ke kwana a kangaye da rumfunan kasuwa a Gusau, suna ƙona kwali da leda.

Bari in taɓo doka kaɗan. A Ingila, mai gidan haya dole ne ya kira ƙwararre ya duba na'urar gas ɗin gidan duk shekara, kuma tun 2015 dole ya sa ƙararrawa mai jin gubar hayaƙi a ɗakin da ake ƙona itace ko kwal. Mu dokarmu a bakin tsofaffi take: kada a shigo da gawayi sai ya gama kamawa a waje ya yi jajir, kada a toshe taga, a fitar da kasko kafin barci. Amma an yi wannan doka ne don ɗakin da ke numfashi. Yanzu ɗaki ne na siminti, ƙofar ƙarfe, tagar gilashi, a bi kafofin da tsumma. Gawayi idan iska ta yi masa kaɗan yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Jan garwashi ma bai daina fitar da ita ba. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci ba ya jin ko ɗaya. Shi ya sa ake wayar gari a ɓalle ƙofa a tarar da mutane kwance yadda suka kwanta.

Idan kuka shiga ɗaki mai kurfoti kuka ga mutum biyu ko uku suna kukan ciwon kai lokaci guda, ku buɗe ƙofa da taga, ku fito da kowa waje, ku nufi asibiti, ku gaya wa likita cewa da gawayi a ɗakin. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, musamman ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, don zai iya shaƙewa. Abin da yake buƙata iskar oksijin ce, kuma a asibiti ake sa ta.