Shimla, Birnin da Zafi Ya Haifa

Shimla tana bisa duwatsun Himalaya a arewacin Indiya, wajen mita 2,200 sama da teku. A shekara ta 1864 Turawan Ingila suka mai da ita mazaunin gwamnatin Indiya na lokacin bazara. Da zafi ya taso, sai ma'aikata su kwashe takardunsu su hauro nan.

Mai niyyar zuwa, gara ya shiga jirgin ƙasa daga Kalka. An buɗe layin a 1903, tsawonsa kilomita 96, yana ratsa ramummuka fiye da 100 da aka huda cikin duwatsu. In ka isa, ka shirya tafiya a ƙasa, gama ba a barin motoci su bi babban titin Mall.

Kada ka rasa ganin gidan Gwamna Janar da aka gama a 1888. A nan shugabannin Indiya suka yi taro a 1945, suka watse ba su daidaita ba. Bayan shekara biyu aka raba ƙasar, aka fitar da Pakistan. Akwai kuma majami'ar Christ Church ta 1857, inda ake sujada har wa yau.

Ka guji watan Yuli da Agusta, lokacin ruwa mai yawa. A 2023 ƙasa ta zaftare a garin, mutane suka rasu. Afrilu ko Oktoba sun fi. Ka riƙe rigar sanyi, ka kuma yi hankali da biran tudun Jakhu, gama sukan fizge tabarau.