Reshen da ya girmi jami'arsa: ƙungiyar ɗalibai a Damagaram

A shekarar 2010 gwamnatin Nijar ta kafa jami'o'i a Damagaram da Maradi da Tawa, bisa harsashin cibiyoyin koyon fasaha da aka buɗe a 2008. Ɗaliban sabuwar jami'ar Damagaram suka kafa nasu reshe na ƙungiyar ɗaliban ƙasa, wanda aka sani da UENUZ, kamar yadda na Yamai suke da UENUN. Mai kallo daga nesa zai zaci ranar nan ce ƙungiya ta sauka garin. Alhali kuwa ta daɗe a cikinsa, a hannun yaran da ko bakaloriya ba su ɗauka ba.

Dalilin haka yana cikin sunan uwar ƙungiyar. A 1960, shekarar samun mulkin kai, aka kafa Union des Scolaires Nigériens, wato USN. Kalmar «scolaires» ta haɗa ɗan kwaleji da ɗan lise da ɗan jami'a a inuwa guda, kuma ba don ado aka zaɓe ta ba. A lokacin Nijar ba ta da jami'a ko ɗaya. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. Masu karatun gaba suna Dakar da Abijan da Faransa. Ke nan duk ƙungiyar da take son ƙafa a cikin ƙasa, dole ta neme ta a makarantun sakandare. A Damagaram wannan ƙafa ita ce kwalejoji, da makarantar horon malamai ta Askia Mohamed, da lise mai sunan Amadu Kuran Daga, sarkin da aka kashe Kyaftin Cazemajou a zamaninsa a 1898. Ba ƙaramin abu ba ne yaro ya koyi kiran taron ƙin amincewa a ƙarƙashin wannan suna.

Haɗa kan matasa kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. Tun kafin lakkwal akwai samariya: kowace unguwa da sarkin samarinta da muƙarrabansa, su ke kiran gayya, su ke tsara wasa, su ke ladabtar da wanda ya ƙi fita aiki. Ƴan siyasa sun gane amfaninta da wuri. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta yi ƙarfi a Damagaram kafin a haramta ta a 1959, reshenta na matasa da sunan samariya aka kira shi. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya ya mayar da ita hannun hukuma, da bukukuwanta da gasarta ta waƙa da wasan kwaikwayo. Sai gari ya wayi da gidajen matasa biyu: ɗaya ana yi masa kiɗa, ɗaya ana sa masa ido. Yaro guda yana iya kwana a wasan samariya, da safe ya tashi ya shiga yajin karatu.

Sa idon ya kai matuƙa a 1983, lokacin da aka rusa USN bayan yajin karatu da kame-kame. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasu. Jinin nan ya gaggauta zuwan babban taron ƙasa na 1991, inda USN ta zauna da muryarta kusa da ƙungiyar ma'aikata da jam'iyyu. Wanda ya shugabanci taron ɗan Damagaram ne, masanin tarihi André Salifou, marubucin littafin tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa yanzu.

Abin da reshen jami'a ya sauya shi ne tsarin girma. A da, wanda ya ci bakaloriya sai ya kama hanyar Yamai, tafiyar kilomita kusan 900, ya bar jagoranci ga ƙannensa, umarni kuma yana saukowa daga kwamitin ƙoli. Bayan 2010 yayyen suka zauna gida. Buƙatu ma suka ƙaru: kan kuɗin alawus da ƙarancin malamai aka ɗora maganar ɗakin kwana da gidan abinci da motar ɗalibai, a garin da ruwan sha kansa tsohuwar matsala ce. Malaman sakandare sun fi kowa sanin farashin wannan zumunci, domin idan aka kira yaji a jami'a, sau da yawa ajin ƴan shekara 13 ne yake fara watsewa.