Gem ɗin Mai Zaki da Zoben Wuta: Yadda Sunansa Ya Ɓace Mana



Akwai wani gem da kusan duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin da kaset mai ruwan ɗorawa zai tuna. Wani ɗan kama ne a kan zaki, yana tsallake zobban wuta da tukwane masu ci bal-bal. In ka haye, sai tafiya kan igiya, ga birai na tunkaro ka. To amma tambayi mutum sunan gem ɗin. Sai ya ce maka, "Ai wannan mai zakin." Shi ke nan fa.

Sunansa Circus Charlie. Kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da shi a 1984, a matsayin gem na manyan akwatunan da ake jefa wa kwabo. A 1986 aka mayar da shi na gida, a kan na'urar Famicom da Nintendo ta fara sayarwa a Japan a 1983. Matakai biyar ne a na gidan: zaki, igiya, tsalle kan ƙwallaye, doki, sai lilo a ƙarshe. Galibinmu dai a kan birai muke ƙarewa.

To ta yaya abin da ya cinye mana yammaci bayan yammaci ya rasa suna a bakinmu? Amsar tana cikin hanyar da ya bi ya iso mu. Na'urorin da suka cika kasuwanninmu ba na Nintendo ba ne. Kwaikwayon Famicom ne da aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin. A Rasha ana ce wa irinsu Dendy tun 1992. A Sin kuwa Subor ya yi mai kibod, aka tallata shi a matsayin kwamfutar koyon karatu, har Jackie Chan ya fito a tallar. Dabara ce mai kyau, gaskiya: uba ya sayi kwamfuta, yaro ya samu gem.

Kaset ɗin kuma shi ne babban mai laifi. Za ka ga an rubuta gem 9999 a ciki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, wannan ya fara daga mataki na uku, wancan an ƙara masa rai. Masu satar fasahar kan goge sunan kamfani da shekara daga fuskar gem, su gutsure sunan don ya shiga layi, wani lokacin su raɗa masa sabo. Hoton da ke jikin kaset ma sau da yawa ba shi da alaƙa da abin da ke ciki. Mu kuma a lokacin Turancinmu bai kai ya kawo ba, lambar gem muke haddacewa.

Ku ɗauki gem ɗin tankokin nan da ake gadin mikiya a cikin bulo. Asalinsa Battle City ne na Namco, 1985. Abin da mutane da yawa suka buga kuwa Tank 1990 ne, wanda aka yi wa kwaskwarima a Sin. Ka ga mai neman asalin da wannan sunan zai sha yawo.

Ga wani abin kuma. Circus Charlie da Battle City ba a sayar da kaset ɗinsu na NES a Amurka ba. Don haka in ka bi jerin gem ɗin da Amurkawa ke tunawa na yarintarsu, da wuya ka ci karo da su. Wanda ya tashi a Masko ko Karachi ya fi kusa da gane abin da kake kwatantawa.

Saboda haka mai nema ya bar batun hoton kaset. Ya tuno abin da hannunsa ke yi: me ake tsallakewa, me ke kashe ka, mutum nawa ke bugawa. Ya rubuta wannan a YouTube da Turanci, ya haɗa da kalmar Famicom a maimakon NES. Kiɗan ma kaɗai, da ka ji shi za ka gane.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.